Sanluwi ta Sanagal: garin da kifinsa ke kwana a Muritaniya

Wanda ya fito daga Dakar ya nufi arewa, bayan tafiyar kilomita wajen 260, zai yi tsammanin hanyar Tawa ya kama: rairayi, ƙaya, kuka nan da can, awaki suna tsallake kwalta ba tare da neman izinin direba ba. Sai dai iskar da ke shigowa ta tagar mota tana da sanyi da ɗanɗanon gishiri, kuma a ƙarshen hanyar akwai wata gadar ƙarfe mai tsawon mita 507 wadda aka buɗe a shekara ta 1897. Ita ce gadar Faidherbe. Ƙetarenta, bisa wani siririn tsibiri a tsakiyar kogin Sanagal, tsohon birnin Sanluwi yake, wanda mutanen ƙasar ke kira Ndar da harshen Wolof.

Faransawa suka kafa shi a 1659, kuma daga 1895 zuwa 1902 nan ne mazaunin babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa. Ke nan ranar da aka ci Damagaram a 1899, a wannan tsibiri babban gwamna yake zaune. Har zuwa jajibirin ƴancin kai, daga Sanluwi ake mulkin Sanagal, daga nan kuma ake mulkin Muritaniya, domin sai a 1958 aka aza harsashin Nuwakshot. Gari ɗaya, ƙasa biyu. Gidajen bene masu baranda na wancan zamani suna nan, waɗansu an gyara, waɗansu gishiri ya cinye, kuma UNESCO ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya a shekara ta 2000. Masu yawon buɗe ido nan suke tsayawa su ɗauki hoto. Amma mai son sanin abin da garin ke ci, sai ya ƙara tsallake wata ƴar gada ta yamma.

Can akwai wani zirin rairayi da ya raba kogi da teku, Faransawa suna ce masa Langue de Barbarie. A waɗansu wurare faɗinsa bai fi jifa biyu ba: mutum yana tsaye a bakin kogi yana jin rurin teku a bayansa. Bisa wannan ziri unguwannin masunta suke, Get Ndar da Ndar Tut da Gohu Mbac. Cunkoson Get Ndar ya wuce misali. Lungu ɗaya ya ishi yara masu ƙwallo, da raguna a ɗaure, da amalanken doki, da tsoho mai ɗinkin taru, da mata masu girki, kowa na sha'aninsa. A bakin kogi kwale-kwale ne jere kamar haƙoran mataji, waɗansu sun fi mita 20, an shafe su da fenti ja da rawaya da shuɗi, an rubuta musu sunayen iyaye da na shehunan ɗariƙa. Ko a maƙabartar unguwar, akan ga kabari da aka lulluɓe da tsohon taru. Su a nan gado ne, kamar yadda yake ga Sarkawa a bakin Kwara. Yaro yakan san jan igiya kafin ya san riƙon alƙalami.

Kifin da ya riƙe unguwar ƙarami ne, bai wuce tsawon tafin hannu da rabi ba, ga ƙaya ga mai. Da Wolof sunansa yaboy, Faransawa suna ce masa sardinelle. Shi ne naman talaka. Da shi ake dafa shinkafa da kifin nan ta Sanagal, cebujen, wadda aka ce a Sanluwi aka fara ta, a gidan da ba a iya sayen babban kifi. Da shi mata ke yin wata irin banda da suke kira kecah: a gasa, a ɓare, a barbaɗa gishiri, a shanya, sa'an nan fatake su ɗauka a buhu zuwa ƙauyukan cikin ƙasa har Mali da Burkina. In kwale-kwale ya iso, ƴan dako kan shiga ruwa har ƙirji su fito da akwati a kai suna gudu, dillalai na jira kusa da motocin ƙanƙara, mata na jira da bahonsu, yara na tsince abin da ya faɗi. Mutum ɗaya ya shiga teku, goma sun ci a tudu.

To, yaboy makiyayi ne, kuma a nan maganar take. Mai karatu ya san yadda shanu ke gangarawa kudu da rani su haura Azawak da damina, suna bin ciyawa ba su bin tuta. Teku ma tana da makiyayarta. Daga ƙarshen shekara zuwa wajen watan Mayu, iskar arewa takan kaɗa a gaɓar Sanagal ta tura ruwan sama zuwa tsakiyar teku, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa ɗauke da taki. Takin nan ne ke haifar da ƙananan tsiro da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, su ne ciyawar yaboy. In ruwa ya ɗumama, garken ya haura arewa zuwa Muritaniya har kudancin Maroko, inda ruwan sanyi ba ya yankewa a wajen Nuwadibu. In sanyi ya komo, ya gangaro. Ƙananansa suna girma a wurare biyu musamman, gaɓar kudu da Dakar da kuma ruwa marar zurfi na Bank Dargin a Muritaniya. Garke ɗaya ne, yana ratsa ruwan Gambiya da Sanagal da Muritaniya da Maroko. Masu bincike sun kuma lura cewa da ɗumamar teku, zangonsa yana ƙara matsawa arewa.

Kakannin mutanen Get Ndar bin garken suke yi ba wanda ya tambaye su takarda. Amma iyakar Muritaniya tana nan a ƙarshen Gohu Mbac, tafiyar ƙafa ce bisa rairayi, kuma yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a 1982, ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon dukiyar ruwanta har nisan mil 200, wato kilomita wajen 370. Kifin da ya kwana a Sanagal ɗan Sanagal ne. In gari ya waye masa arewa da iyaka, ya zama dukiyar Muritaniya. Masunci kuwa yana tsaye a ƙofar gidansa yana hangen ruwan da kakansa ya yi su a ciki, ba shi da ikon jefa taru sai da izini.

Ba laifi ba ne ƙasa ta tsare abinta, kuma Muritaniya tana da hujja: kifi yana cikin manyan hanyoyin shigar kuɗinta, tana son a sauke shi a tashoshinta, ƴaƴanta su sami aiki. Amma tsaron ya sha cin rai. Rikicin watan Afrilu na 1989, wanda ya faro daga faɗan manoma da makiyaya a bakin kogi, ya rufe iyaka har 1992. A 2001 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar su, wadda ake sabunta sharuɗɗanta lokaci lokaci, wani sa'in a makara, wani sa'in a ƙi. Bayan 2016 an yi wata da watanni ba izini, masunta suna shiga a sace da dare, ana kama kwale-kwale da injin da taru. A watan Janairu na 2018 masu gadin tekun Muritaniya suka harbe wani saurayi masunci. Sanluwi ta ɗauki zafi, aka fasa kantunan ƴan Muritaniya da ke garin, mutanen da ba su taɓa riƙe bindiga ba. Cikin shekarar aka sake sa hannu: kwale-kwale 400, kifi tan 50,000 a shekara. Ga unguwar da kwale-kwalenta suka ninka haka, rabon takardu 400 kansa wata shari'a ce.

Irin wannan yarjejeniya tana sasanta mutane, ba ta ƙirga kifi. Tambayar da take amsawa ita ce wa zai shiga ruwan wa; tambayar da ta rage ita ce nawa za a ɗiba daga garken gaba ɗaya, daga Gambiya har Maroko, don ya sake haihuwa baɗi. Kuma ba a rasa hukumomin da aka kafa don wannan ba. A ranar 29 ga Maris 1985 aka kafa Hukumar Su ta Yanki, CSRP, mai mazauni a Dakar, wadda ta haɗa ƙasa bakwai: Muritaniya, Sanagal, Gambiya, Kap Ber, Gine Bisawu, Gine da Saliyo. A 1993 suka amince da ƙa'idodin da kowace ƙasa za ta gindaya kafin ta bar jirgin waje ya shiga ruwanta, suka sabunta su a 2012, don kada jirgin da aka kora daga nan ya sami rangwame a can. A 1993 ɗin kuma suka yarda cewa jirgin sintirin wata ƙasa yana iya bin ɓarawon kifi har cikin ruwan maƙwabciya. Ma'aikacin duwan da ya taɓa ganin mai fasa-ƙwauri ya tsallake iyaka yana yi masa dariya zai gane darajar wannan sharaɗi.

Abin da ya fi fitar da sunan hukumar shi ne ƙarar neman fatawa da ta kai kotun dokar teku ta duniya da ke Hambur, ƙasar Jamus, a 2013. A ranar 2 ga Afrilu 2015 kotun ta ba da amsa. Ta ce ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta wajibi ne ta yi iyakar ƙoƙarinta don hana shi satar kifi a ruwan wasu, kuma in ta yi sakaci ana iya tuhumarta. Game da kifi mai ƙaura irin yaboy kuwa, ta ce ƙasashen da yake ratsawa wajibi ne su yi shawara ta gaskiya da juna, kuma matakin kiyaye shi ba zai yi amfani ba sai ya shafi garken a duk inda yake yawo. Magana ce sarai. Sai dai fatawa ba ta da jandarma. Ga kuma giɓi babba: Maroko, wadda garken ke kaiwa ruwanta, ba ta cikin hukumar. Akwai kwamitin masana na hukumar abinci ta duniya, FAO, wanda ke haɗa masu binciken ƙasashen, da taimakon jirgin bincike na Norwe mai suna Dr Fridtjof Nansen da ke auna yawan kifi da na'urar amo. Shekara da shekaru kwamitin yana rubuta cewa ana ɗibar yaboy fiye da ƙima, a rage. Ikonsa bai wuce shawara ba. Har zuwa 2024 ba a sami wani adadi ɗaya da ƙasashen huɗu suka tsayar suka raba tsakaninsu ba. Kowace tana lissafin garken kamar a garkarta aka haife shi.

Cikin wannan giɓi ne masana'antun garin kifi suka shigo. Tun daga wajen 2010 suka yawaita a Nuwadibu, daga ƴan ƙalilan zuwa gommai, waɗansu kuma suka buɗe a Sanagal da Gambiya. Aikinsu shi ne su dafa kifi ɗanye, su matse mai, su niƙa sauran ya zama gari, a loda zuwa Sin da Turkiyya da Turai don ciyar da kifin kiwo da aladu da kaji. Kilo ɗaya na gari yana cin kilo 4 zuwa 5 na kifi. Wani rahoto da ƙungiyar Greenpeace ta fitar tare da wata ƙungiya a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da tan 500,000 na ƙananan kifaye ake kwashewa kowace shekara a yankin don wannan sana'a. Ɗan kasuwa zai ce ciniki ne, wanda ya fi biya shi ke ɗauka, kuma gaskiyarsa. Amma mai baho ɗaya ba ta iya tayawa da mai masana'anta, kuma masana'anta ba ta tambayar ko kifin ya isa haihuwa. Hatsin da aka saya tun yana ɗanye a gona, an san yadda yake ƙarewa da mai gonar.

Masana suna da wata hanya da suke kira kula da su bisa la'akari da muhalli gaba ɗaya, wadda ta samo tushe daga ƙa'idar su ta FAO ta 1995. Sunan yana da nauyi, ma'anar kuwa kowane makiyayi ya san ta: ba a lissafin saniya a manta da ciyawa da rijiya da burtali. Yaboy abincin manyan kifaye ne da tsuntsayen teku. In ya ragu, su ma sun ragu. Shi kuma yana buƙatar wurin renon ƙanana, da ruwa mai tsabta, da lokacin da za a ƙyale shi ya zuba ƙwai. Akwai inda aka gwada. Muritaniya ta keɓe Bank Dargin tun 1976, fili da ruwa mai faɗin murabba'in kilomita 12,000, inda aka hana jirgi mai injin, sai mutanen wurin, Imragen, da jiragensu masu tafiya da iska. A bakin kogin Sanagal, gandun tsuntsaye na Juj a gefen Sanagal da gandun Jawling a gefen Muritaniya an haɗa su a 2005 cikin yanki guda na kiyaye halittu wanda ya ratsa iyaka. Ke nan ƙasashen biyu sun iya haɗa kai don tsuntsu.

Sanluwi kanta darasi ce a kan abin da ke faruwa in an taɓa gefe ɗaya an manta da saura. A 1986 aka gama madatsar Jama, sama da garin kaɗan, don hana ruwan gishiri haurawa cikin kogi. Manoman shinkafa sun amfana, amma cuɗanyar ruwan daɗi da na gishiri, inda kifaye da yawa ke renon ƴaƴansu, ta sauya. A farkon Oktoba 2003 kogi ya cika yana shirin cinye birnin, sai hukuma ta haƙa wata ƴar kafa mai faɗin mita 4 a zirin rairayin, kilomita kaɗan kudu da gari, don ruwa ya fita teku. Birnin ya tsira a makon. Teku kuwa ta kama bakin kafar tana ci, har faɗinta ya kai kilomitoci. Ƙauyen Dun Baba Jey ya nutse, gonakin lambu suka yi gishiri. Ta kafar ne kwale-kwale ke fita yanzu, inda ƙarfin kogi ke karo da igiyar teku bisa tudun rairayi mai sauya wuri, kuma ɗaruruwan masunta sun halaka a nan tun daga lokacin. A gefen teku, gidajen layin farko na Get Ndar da Gohu Mbac sun rushe, an kwashe iyalai zuwa matsuguni a cikin tudu, nesa da ruwan da suke ci da shi.

Da dare, daga bakin rairayin, ana hango fitilu a tsakiyar teku. Na tashar iskar gas ne. A 2015 kamfanin Kosmos ya gano gas mai yawa daidai kan iyakar ruwan ƙasashen biyu, kuma a watan Fabrairu na 2018, kwanaki kaɗan bayan harbin saurayin nan, shugaba Macky Sall ya je Nuwakshot aka sa hannu kan raba shi biyu daidai. Kamfanin BP ya gina tashar kimanin kilomita 10 daga gaɓa, gas ya fara fitowa a ƙarshen 2024, jirgin farko ya yi lodi a 2025. An hana kowa kusantar tashar da mita 500, masunta kuwa suna cewa ta zauna a kan Jatara, wani dutsen ƙarƙashin ruwa inda masu ƙugiya suka gaji kamun manyan kifaye. Abin lura a nan: dukiyar da ke kwance wuri ɗaya, wadda za ta ƙare in an gama zuƙe ta, shekara uku ta isa a raba ta da alƙalami. Dukiyar da ke yawo, wadda ba za ta ƙare ba in an bar mata iri, ta shekara arba'in tana jiran irin wannan zama. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gas yana da kamfani ɗaya mai biya da dala. Yaboy yana da dubban masu baho waɗanda ba su da kujera a teburin shawara.

Ɗan Nijar zai iya cewa ina ruwan mai tudu da shari'ar teku. Da ruwansa, ko da kaɗan. Nijar ta shiga yarjejeniyar dokar teku a 2013, kuma sashe na 69 nata ya ba ƙasar da ba ta da gaɓa haƙƙin samun rabo a rarar kifin ƙasashen yankinta masu teku, bisa yarjejeniya da su. Kalmar da ke riƙe da sashen ita ce rara. Inda masu gida ke ɗiba fiye da abin da ruwa ke haifarwa, rabon baƙo a takarda yake tsayawa. Kifin teku mai ƙanƙara da ake sayarwa a kwali a kasuwannin Yamai da Maraɗi kuma, farashinsa yana bin abin da ya rage a ruwan wasu. Mutanen Diffa da Gigimi ma ba baƙin zancen ba ne: tun 1964 ƙasashen tafkin Cadi suka kafa hukumarsu, kuma sun ga yadda masunci ke bin ruwa ya wayi gari a ƙasar da ba tasa ba.

Kwale-kwalen da ba ya samun kifi ba ya zama banza. Mai mita 20 yana ɗaukar mutum fiye da ɗari, kuma tsibiran Kanari na Sipaniya suna nan arewa, tafiyar mako guda in teku ta yarda. A 2006 mutum fiye da 31,000 suka isa can ta ruwa daga gaɓar Afirka ta Yamma. A 2024 adadin ya haura 46,000, ban da waɗanda ba su isa ba. Matuƙan da yawa masunta ne, domin su suka san hanya da taurari da halin injin. Gwamnatin Sanagal da Tarayyar Turai sun bar yarjejeniyar su da ke tsakaninsu ta ƙare a watan Nuwamba 2024 ba a sabunta ba, abin da ya faranta ran masunta da yawa, ko da yake jiragen Turai da ta shafa manyan kifayen tsakiyar teku suke kamawa, ba yaboy ba.

Da la'asar sakaliya, bakin kogi a Get Ndar yakan cika da hayaƙin injin. Ana loda jarkokin mai da ƙanƙara da buhun shinkafa, samari suna jan taru mai nauyin da sai mutum ashirin, kwale-kwale biyu biyu suke tafiya, ɗaya na taru ɗaya na kaya. Sukan gangara kudu cikin kogi, su wuce maƙabarta, su tsaya gab da kafar suna ƙirga igiyar ruwa har matuƙi ya ga sarari ya ba injin wuta. In sun fita, waɗansu su karya hagu, su yi kudu. Mafi yawa sukan juya arewa, su sake wuce unguwarsu ta gefen teku, masu takarda da marasa ita, su nufi inda garken ya kwana.